Bahon Surukata

Gara ku ji daga bakina, domin labarin da ke yawo a unguwa an riga an zuba masa gishiri da yaji. Na ji wai ana cewa har bakin titi na kai, wai sai da mai mashin ya kauce mini. Ƙarya ce. A tsakar gida na tsaya, daidai bakin tabarma, kuma akwai shaidu, har ma sun yi mini yawa.

Kallon ƙwallo ne ya jawo. A Janairun 2022, da aka yi gasar cin kofin Afirka a Kamaru, nan Garwa aka ajiye rukunin Najeriya, a filin Rumde Ajiya. Wani ɗan'uwana ya tsallako daga Yola ya kama ɗaki a otal. Daren 11 ga wata, bayan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, na raka shi masaukinsa, na shiga kewayawa, sai na yi arba da shawa. Ruwan da ke saukowa daga sama bai dame ni ba, wannan kowa ya sani. Abin takawar ne ya tafi da hankalina: wani farin faranti mai rami a kusurwa, ka tsaya a kai, ruwa ya bi ramin ya tafi harkarsa, ka fito ƙafarka fes. Najeriya ta tattara ta koma gida ranar 23 ga wata, bayan Tunisiya ta yi mata ɗaya mai ban haushi. Ni kuwa farantin nan ya zauna mini a rai shekara da shekaru.

Wurin wankan gidana lungu ne tsakanin katanga biyu, zana ta tare gefen tsakar gida, sama a buɗe, ƙasa caɓi da 'yan duwatsun da ake takawa. Ka gama wanka, ka fito ka sake wanke ƙafa. Bana da zafin Afrilu ya kankama, irin na Garwa da ke haura 40 a ma'auni, na ce ya isa haka. Na sayi duro mai cin lita 200, aka yi masa gadon katako a kan katanga, na haɗa tiyo da kan shawa. Saura abin takawa. Na je babbar kasuwa na tambayi farantin tangaran, mai shagon ya faɗi kuɗinsa da Faransanci. Na ce ya maimaita da Fillanci ko zai sauko. Bai sauko ba. Na gwada Hausa, sai ya ƙara kuɗin dako.

A bayan ɗakin girki na gan shi, an cika shi da tsofaffin takalma da kwalabe. Baho ne na ƙarfe irin na da, dogo kaɗan, mai hannu biyu, bakinsa a naɗe da waya a ciki, jikinsa toka-toka da zanen tutiya, gindinsa da zobe da ke ɗaga shi daga ƙasa. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da murya mai daɗi. Na auna da ƙafa, mutum zai tsaya a ciki har ya juya. Na tambayi uwargida, tana tankaɗe, ta amsa ba ta ko ɗago ba.

"Na Inna ne fa. Aro ta ba ni lokacin wankan jegon fari. Da shi aka yi mata nata, ita ma Iya ce ta bar mata."

Na ce ai ba cinye shi zan yi ba, ɗan rami ne kawai.

"Malam, kai dai ka sani."

Duk mai aure ya san abin da wannan magana ke nufi. Ni a ranar izini na ji.

To, ga Baba, maƙwabcina na bayan katanga. Ya yi ritaya daga Sodecoton, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna auduga a kan sikeli, kuma tun daga nan ya ɗauka babu wani abu mai nauyi a duniya da bai san halinsa ba. Katangar da ke tsakaninmu ta fi shi tsawo, amma akwai wani tsohon turmi da ya kifa a gindinta musamman saboda ni. In na ɗaga guduma, kafin in sauke ta hularsa ta ɓullo, sai goshi, sai haɓa a kan katanga, goro a kunci.

"Ƙarfen Jamus ne wannan," in ji shi. "Harsashi ba ya huda shi."

Na ce, "Baba, ai tun Yunin 1915 Turawan Ingila da na Faransa suka karɓe garin nan daga hannun Jamusawa. Inna kuwa kullum cewa take yi a jirgin ruwa aka kawo shi zamanin Faransa, lokacin da jirage ke hawo Binuwai daga Najeriya da damina, su sauke gishiri da kayan kanti, su ɗauki gyaɗa da auduga."

"To ai shi na faɗa. Na Jamus ne, Faransa ta kawo."

Mai walda na wajen kasuwar Yelwa kafin ka ce kwabo ya huda shi. Wani farin hayaƙi ya tashi, ya kau da kai yana tari, ya ce tutiyar ce ke ƙonewa, ita ce kuma duk rigar ƙarfen, inda wuta ta lashe ta tsatsa za ta kama kafin damina ta yi nisa. Ramin ya fito da baki ƙaya-ƙaya, ya ɗan tasa sama da shimfiɗar bahon, wato ruwan ƙarshe ba zai taɓa hawa ya fita ba. Ya tambaye ni me za a yi da baho mai rami. Na ce shawa. Sai da ya karɓi kuɗinsa ya tura aljihu tukuna ya yi dariya. Da na dawo na nuna wa Baba inda harsashi ba ya hudawa, ya leƙa ya ce, "An yi sa'a. Wurin ne ya riga ya gaji."

Lissafina mai sauƙi ne, kuma har gobe ina kan bakana cewa ba shi da aibi. Tiyon da zai kwashe ruwa yana bukatar wuri a ƙasa, sai na ɗora bahon a kan bulo huɗu, tsakiya a sarari. Ruwa yana bukatar gangara, sai na cusa tsingaro a ƙarƙashin ɓangaren da ba rami, bahon ya ɗan sunkuya. Na ɗaure bakin tiyon da robar tayar keke. Shi ke nan.

Baba ya duba ya ce aikin bai yi kama da na Sinawa ba. Ya ce yana nan aka gina madatsar Lagdo, daga 1977 zuwa 1982, ya je da ƙafarsa ya gani, kuma sirrin Sinawa guda ne, ba sa barin ruwa shi kaɗai.

"Ka ga tafkin nan cike yake da kifi. Ka nemi tarwaɗa ɗaya ka jefa a duron. Ruwan da ba kifi ruwa ne mai fushi."

Na ce duron a rana yake wuni, tarwaɗar za ta dahu.

"In ta dahu ka ci, ka sa wata. Asarar me ka yi?"

Ranar Asabar bayan azahar na shiga buɗe aiki. Na san Inna za ta biyo da ƙawayenta daga gidan suna, amma an ce sai la'asar sakaliya. Na rataye tawul a kan zana, na cire kaya, na yi addu'ar shiga, na taka.

Ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu ba ya karɓar baƙo. Na ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙone, na ɗaga ta hagu, ta dama ta ƙone. Kuma duk takawa sai gindin bahon, da ba komai a ƙarƙashinsa, ya lotsa ya dawo: ɓam, ɓum, ɓam, ɓum. Yaran maƙwabta sun ɗauka makaɗa ne suka biyo 'yan suna. Na kai hannu na murɗa famfo don in sanyaya ƙarfen, ashe tiyon nan baƙi shi ma a rana ya wuni. Ruwan farko da ya sauko mini a ƙeya zai dafa ƙwai. Na yi ƙara, amma ta ciki, irin ta magidanta.

Can ruwan ya huce ya koma ɗumi, ƙarfen ya lafa, na ce alhamdulillahi, aiki ya yi. Na shafa sabulu tun daga kai har ƙafa, na cika soso da kumfa. A nan ne na ji abu biyu lokaci guda. Na farko sallama a zaure, muryoyin mata, ta Inna a gaba, sai ƙarar baza tabarma a gindin darbejiya, taku kaɗan daga zanata. Na biyu ruwa a idon sawuna. Guntun sabulun ya suɓuce ya je ya zauna daram a bakin ramin, ƙayoyin suka riƙe shi, baho ya koma sana'arsa ta gado, wato tara ruwa.

Ido a rufe, kumfa na cizo, na sunkuya ina lalube. Ƙafar hagu ce ta fara tafiya, ta dama ta bi ta don zumunci. Na zauna. Zaman kilo tamanin da 'yan kai ne a kan ƙarfe marar kauri, ba sallama. Gindin bahon ya nutsa tsakanin bulo, a nan kuma na koyi abin da ba a koyarwa a makaranta: in gindin baho ya yi ƙasa, gefunansa ciki suke shigowa. Suka kama ni a ƙugu, cak. Tsingaron ya yi tsalle ya daki katanga. Bulo biyu na gaba suka kife. Hannuna ya nemi abin riƙo ya samu tiyo, tiyo ya baro duro, lita 200 suka samu ƙofa, caɓi ya koma santsi. Shi kuwa gidan nan wanda ya gina shi ya san aikinsa, tsakar gidan gangare take zuwa rariyar bakin zaure saboda ruwan damina. Zana ta faɗi gaba ta zama shimfiɗa, na bi ta kanta.

Ban fito da gudu ba, wannan ma ƙarya ake yi mini. A hankali na fito, cikin natsuwa, gwiwoyi a haɓa, duga-dugai a kan bakin baho, hannu ɗaya da guntun tiyo, ɗaya da soso, a naɗe kamar kazar da za a kai kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Da bahon ya iso bakin tabarma sai zoben gindinsa ya ci karo da saiwar darbejiya, ya daina tafiya, ya fara juyawa. Juyawar nan ce ke hana ni barci. Ya juya da ni sannu-sannu. Ya nuna ni ga matar liman, ya wuce. Ya nuna ni ga wata baƙuwa da ta zo daga Marwa, wadda ba ta taɓa ganina ba sai a ranar, ya wuce. Ya nuna ni ga Goggo, ɗaya daga cikin ƙawayen Inna, ya wuce. Ya nuna ni ga uwargida, tana tsaye da tiren kofuna. Sannan ya tsaya, fuskata na kallon Inna.

Allah Mai rufin asiri ne. Kumfa ta yi iya yinta, bahon ya rufe saura, soso ya tsaya a inda ya kamata soso ya tsaya. Amma ku da kuka san surukuta kun san zancen ya wuce nan. Tunda na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gaban matar nan ba. Ban taɓa kiran sunanta ba. In na hango ta a hanya, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Ko ba hula ban taɓa bari ta gan ni ba.

Aka yi tsit. Ruwa kawai ake ji yana zuba daga duro. A cikin shirun nan na lalubi duk abin da iyayena suka koya mini, na rasa babin da ya dace, sai bakina ya ɗauki wanda ya samu. Na ji muryata tana cewa:

"Inna, barka da zuwa. An zo lafiya?"

Na juya maganar nan a raina ba adadi. Da na yi shiru, da an ce suma na yi, a tausaya mini. Da na yi salati, da an ce haɗari ne, a taya ni. Da na rufe ido na langaɓe kai ma, akwai mai yarda. Amma gaisuwa na yi. Na yi ta da murya mai ladabi, har da ɗan sunkuyar da kai, abin da ya sa wani dunƙulen kumfa ya gangaro daga goshina ya sauka a kan hanci ya zauna. Kuma na yi yunƙurin durƙusawa! Wallahi jikina da kansa ya nemi durƙuso, mutumin da ya riga ya fi mai durƙuso kusa da ƙasa. Baho ya amsa da ɓum.

Matan suka ja mayafi suka juya baya kusan tare, ban da Goggo. Goggo idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa garau, kuma ba ta taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba.

"Lafiya lau, ɗan nan. Ina wuni?"

"Lafiya lau, Goggo."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"To madalla. Sannu da hutawa. Ai gara da ka samu wuri ka zauna."

Wata daga cikin masu mayafi ta yi wani sauti tsakanin tari da kuka, kafaɗunta na rawa.

Ita Inna ba ta juya ba, ba ta kuma dube ni ba. Kunya ta hana ta kallon suruki, sai ta kafa ido a kan ƙarfen. Ta bi hannun bahon da kallo, ta bi bakin da ya lanƙwashe, ta gangara zuwa inda wani siririn ruwa ke tsiyayowa yana nufo tabarmarta, don sabulun sai a lokacin ya ga damar sakin ramin. Sannan ta waiwayi 'yarta ta ce, a hankali:

"Ke, wannan ba bahon Iya ba ne?"

Ta ɗan dakata.

"Me ya sa yake yoyo?"

A daidai nan hula ta ɓullo a kan katanga.

"Kada ka motsa!"

Na ce a raina, da ina iya motsi ai da ba nan ka same ni ba. Uwargida ta dire tire, ta yaye zanin gado daga igiya ta lulluɓe ni har ka, ta kora matan ɗaki. Ya rage daga ni sai muryar Baba, ina jin ta ta cikin zani mai furanni.

"Ɗana, ka sa kifin?"

"A'a, Baba."

"To ka gani."

Ya tauna goro ya bar ni da wannan, sannan ya kama aiki. Da farko ya ce a kawo mai a zuba ta gefe, amma kada a kuskura a kawo na gyaɗa, Diamaor za a kawo, man auduga na kamfaninsu, don shi ya san yadda ake tace shi. Uwargida ta ce na gyaɗa ne a gidan. Ya ce to a bari, gara in zauna. Sai ya tuno karatun boko: ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi. A kawo murhu a ɗora ni, a hura gawayi, "kaɗan fa, ba na gashi ba," da baho ya buɗe sai in fito. Na ce ta cikin zani, "Baba, ni fa ina ciki." Ya ce ya sani, shi ya sa ya ce kaɗan. Da ya ga ba a karɓa ba sai ya juya lissafin. In ba za a buɗa ƙarfe ba, a rage mutum. A sayo ƙanƙara a zuba mini, sanyi yana tsuke jiki. In ba ƙanƙara, azumi.

"Litinin da Alhamis ɗin nan in ka riƙe su, kafin watan gobe da kanka za ka zame."

Daga nan ya bar neman mafita ya koma sharhi, wanda shi ne ainihin fanninsa. Ya ce duk matsalar ta tsayuwa ce. Yana cikin filin Rumde Ajiya ranar da Msakni na Tunisiya ya ɗirko ƙwallon nan daga nesa, kuma tun kafin a buga ya gaya wa na kusa da shi cewa golan Najeriya bai ware ƙafa ba.

"Kai ma ba ka ware ƙafa ba. Mai shiga baho ware ƙafa yake yi. Kilo nawa kake?"

Na faɗa.

"Ƙarya ne. Daga yadda ƙarfen nan ya lotsa ka fi haka da bakwai. A kawo sikeli a auna ka da bahon, in ka fito a auna bahon shi kaɗai a cire. Haka muke yi wa motar auduga."

In gaya muku gaskiya, a cikin zanin nan, ƙugu a matse, ido na raɗaɗi, na tsinci kaina ina jiran abin da zai faɗa gaba. Shawar da na kashe wa kuɗi ba ta ba ni daɗin minti guda ba. Baba kyauta ya ba ni na rabin sa'a, kuma da turmin bai gaji da shi ba ina jin da har magariba muna nan.

Uwargida ce ta fitar da ni, ba ta nemi ra'ayin kowa ba. Ta kira ƙanenta da wani almajiri, ta ce kowa ya kama gefe ɗaya na bakin bahon ya ja waje, ita kuma ta tuttula ruwan omo ta bayana ta ce, "Malam, miƙe." Na fito da wata ƙara da ba zan rubuta ba, na naɗe zani na shige ɗaki. Ina rufe ƙofa na ji Baba yana gaya wa yaran cewa abin da ya ce a yi ke nan tun farko.

Washegari na kira mai gyaran famfo, ko a samu wanda zai tsaya mini. Na kwatanta masa komai, ya ce ana iya yi, ba a ce ba a iyawa ba. Sai dai gindin bahon gaba ɗaya zai kwanta a kan yashi da siminti, kada a bar ko faɗin tafin hannu a sarari, don ƙarfen an yi shi ne ya zauna a ƙasa ya riƙe ruwa, ba a yi shi don ƙato ya tsaya masa da ƙafa ɗaya ba. Ramin da injin huda ƙarfe ake yinsa, ba da wuta ba, a bubbuga bakinsa ya yi ƙasa, a shafe shi da fenti mai hana tsatsa, a ɗaura magudana mai roba sama da ƙasa. A ƙarƙashi a sa lanƙwasasshen bututun nan mai riƙe ruwa, don kada wari da kyankyasai su hawo, bututun fita kuma ya riƙa gangarawa santimita 2 a kowace mita. A shimfiɗa tabarmar roba saboda santsi. A yi rumfa saboda rana. Bayan duk wannan kuma, sabulu da ruwan yau da gobe za su cinye tutiyar, wata rana ƙafa ta ɓurma cikin tsatsa. Na ce to in an riga an zuba simintin ƙasan an yi masa gangara, me zai hana a tsaya a kan simintin kawai? Ya ce, "Babu." Buhun simintin Figil da amalanke guda na yashin Binuwai, in ji shi, sun gama aikin da yamma ɗaya, ba a taɓa kayan gadon kowa ba. Baba daga kan katanga ya ce duk da haka a sa kifi.

Inna tun a ranar ta tafi da bahonta, an ɗaure shi a bayan mashin, ramin na kallon jama'a tun daga ƙofar gidana har Hausare, abin da ya sa labarin ya riga ni zuwa masallaci. Ba ta yi faɗa ba. Saƙo kawai ta aiko ta bakin 'yarta, cewa ƙanwar matata tana da tsohon ciki, kuma a gidansu da bahon Iya ake wankan jego, ba da roba ba. Na tura mai dalma ya je ya duba. Ya dawo ya ce ramin zai toshu, lanƙwasar ce ba za ta miƙe ba, don ta ɗauki siffar wanda ya zauna, har mutanen gidan suna gane ko wane ne.

Saboda haka, jama'a, duk mai tsohon bahon ƙarfe mai hannu biyu, daga Garwa zuwa Gider, ko Ngaundere ne zan je, ina saye, ba zan yi ciniki ba. Sai dai in kawowa za a yi a kawo da dare, kuma kada a bari ya yi ƙara a bakin zaure. Baba ba ya barci da wuri.